Layin Da Ya Ci Katin Mutanen Damari

Ko na tsufa har na fara tambayar jikokina sunayensu, akwai wasu mako biyu da na san ba za su fita daga kaina ba. Mako biyu ne na kyauta da wani kamfanin waya ya ba ni in gwada hajarsa, ni kuma na karɓa hannu bibbiyu, saura ƙiris in kashe sana'ar da mahaifinmu ya yi shekara da shekaru yana ginawa. Yanzu dai in aka tuna dariya ake yi har da riƙe ciki, amma a lokacin ko murmushi ban iya ba.

Mu mutanen Mairuwa ne, a ƙasar Faskari. Abin da mahaifinmu ya bar mana, Allah ya jiƙansa, injin bugun masara ne da tsohuwar a-kori-kurar da ke ɗaukarsa, sai wata 'yar ƙaramar waya wadda madannanta duk sun goge don tsufa. In kaka ta yi, manoma su karye masara su tara a gona, su neme mu, mu je mu buge musu su ɗure a buhu. Muna zuwa har Ketare da Ƙanƙara, mu gangaro kudu mu shiga ƙasar Sabuwa. Amma maganar gaskiya rabin aikinmu na shekara a Damari yake, aikin Damari kuwa a hannun mutum ɗaya yake, wani dattijo aminin mahaifinmu da muke ce wa Baba. Ba sarauta gare shi ba, ba kuma shi ya fi kowa gona ba. Abin dai da aka saba shi ne a gonarsa ake fara bugu, kuma injin da ya shiga gonarsa shi sauran gari ke bi. Ranar da Baba ya juya mana baya, Damari gaba ɗaya ta juya ke nan.

Bayan rasuwar mahaifinmu, Yayana ne ya riƙe injin da wayar. Ni a lokacin ina Zariya ina karatu. Da na gama na zaga ofisoshi da takardu har takalmina ya buɗe baki, sai na dawo gida na ce to bari in zuba ilimin nan a sana'ar gado. Ba zan ɓoye muku ba, da raini na dawo. Duk abin da na ga ana yi sai in ga ƙauyanci ne, kuma abin da ya fi tsone mini ido shi ne filashin da manoma ke yi mana. Wayar nan ta yini tana ƙara sau ɗaya tana mutuwa. Yaya ya tsayar da abin da yake yi, ya goge hannu a gefen riga, ya kalli lambar, ya bi kiran. Wata rana na kasa haƙuri na ce, "Yaya, su ke da buƙata, kai kuma kai ke kira? Wannan ai rowa ce suke mana." Ko kallona bai yi ba, ya ce, "Haka na iske tsoho na yi." Yaya ba mai dogon bayani ba ne, ni kuma ban sake tambaya ba, don a ganina na riga na san amsar.

A farkon kakar wannan shekarar injin ya nemi gyara. Yaya ya ce zai kai shi wurin mai waldarsa a Ƙanƙara, in an gama ya wuce Ketare ya rage 'yan ayyukan da ke can kafin Damari ta nuna. Da zai tafi ya zaro tsohuwar wayar ya danƙa mini. Ya ce, "Riƙe ta da kyau. Duk wanda ya taɓa ta, ka neme shi." Na ce an gama, ya je kawai.

Ko ƙurar motarsa ba ta kwanta ba na ci karo da tallar a wayata. Wani kamfani ne ke cewa zai ba ɗan kasuwa lambar waya ta sana'a, wadda za ta amsa kira da kanta, ta yi wa mutum maraba da muryarka, ta tura shi inda ya dace, ta kuma rubuta maka duk wanda ya kira. A ƙasa aka rubuta da manyan baƙaƙe cewa gwajin mako biyu kyauta ne. To ni halina, in aka ce kyauta, ko allura ce sai na naɗe hannun riga. Nan take na zauna a kan turmi a tsakar gida na fara rajista.

Abin ba wuya. Suka nemi imel na ba su, suka nemi lambata suka turo wasu alƙaluma na mayar musu. Da aka zo wurin sunan sana'a sai na yi turus, don mu sana'armu ba ta da suna, injin gidan wane kawai ake cewa. Na zauna na ƙago wani dogon suna mai kamfani a gaba da 'ya'yansa a baya, na karanta shi sau uku na ji ni kaina na ƙara tsawo. Sai aka tambaye ni, kira ya yi ƙara sau nawa kafin a ɗauka? Ga zaɓi nan reras, daga nan take har zuwa kada a ɗauka sam. Na ce ɗan kasuwar zamani ba ya barin mai nemansa ya jira, na dangwala nan take. Wannan 'yar dangwalawar ita ce mafarin duk abin da ya biyo baya, kuma ba wanda ya sa ni.

Saura ɗaukar muryar maraba. Nan fa aka yi ta. Na fara a tsakar gida zakara ya sa baki. Na koma zaure mai tallar fura ta rangaɗa kira. Na shiga ɗaki akuya ta ce ba ta san zancen ba. Can dabara ta faɗo mini, ai rumbunmu ba komai a ciki tunda sabon amfani bai shigo ba. Na jawo tsani na hau, na zura ƙafa na dira ciki. Ina tsakiyar gyaran murya sai na ga inuwa ta rufe bakin rumbun. Maiɗakina ce ta hawo tsanin tana leƙe.

Ta ce, "Malam, lahiya? Mi kake nema cikin rumbu da tsakar rana?"

Na ce, "Aikin ofis nake, ki rage murya."

Ta ƙare mini kallo daga sama har ƙasa, ta ce, "Har da hular Juma'a? Su masu kiran ganinka za su yi?"

Na ce ta sauka ta ba ni wuri, ba ta san harkar zamani ba. Ta sauka tana dariya har tsanin na rawa. A ƙarshe dai na samu wadda ta yi mini. Na daidaita murya na ambaci dogon sunan nan, na ce mai son a zo gonarsa ya danna ɗaya, mai neman bayani ya danna biyu, mai ƙorafi ya danna uku. Ku sani duk ukun nan wayata ɗaya suke faɗowa, ni ne bugu, ni ne bayani, ni ne ƙorafi. Na fito daga rumbu da yanar gizo-gizo a hula, na yi aikin ƙarshe: na juya tsohon layin mahaifinmu, wanda kowa ya sani, ya zama duk kiran da ya shigo masa sabuwar lambar zai faɗa. Tsohuwar waya ta yi tsit, na jefa ta a aljihun wata riga da ke rataye a ƙusa.

Kwana biyun farko na sha iska. Ba ƙara, ba tsayar da cin tuwo don bin kiran wani. A rana ta uku wani malamin makaranta a Faskari ya kira, ya danna ɗaya, muka yi magana tsaf, har ya yaba ya ce mun ci gaba. Ranar kusan ban taka ƙasa ba. Nakan buɗe manhajar kamfanin in ga jerin lambobi sun cika shafi, kowace a gabanta an rubuta daƙiƙa biyu, daƙiƙa uku. Na san sarai masu filashin ne. Na ce a raina madalla, yanzu za su koyi tsari, mai buƙata zai sake kira ya danna ɗaya kamar yadda malamin nan ya yi. Abin da ban tsaya na auna ba shi ne, mutum ya taɓa layi don ya katse, kafin ya ɗaga yatsa an riga an ɗauka. Ban kuma san lambar kowa ba, domin mahaifinmu bai taɓa ajiye suna a waya ba, da wutsiyar lamba yake gane mutum, Yaya ma haka ya gada.

Yaya ya kira ni daga Ketare ya ce, "Baba ya taɓa kuwa?" Na ce bai kira ba tukuna, komai lafiya lau. Ya ce abin mamaki, ai ya kamata a ce masarar Damari ta kai ƙasa. Na ce wataƙila bana sun makara da shuka. Ban gaya masa abin da na ƙulla ba, so nake ya dawo ya tarar an zama kamfani ya riƙe baki.

Rana ta takwas aka yi suna a makwabtanmu, maiɗakina ta tafi. Ashe cikin 'yan biki akwai mata daga Damari. Da la'asar ta dawo, tun daga zaure nake jin dariyarta. Ta ajiye mayafi ta zauna a bakin tabarmata.

Ta ce, "Malam, ashe mun yi suna a duniya ba mu sani ba. An ce layin gidanmu ya koma kura. Da ka taɓa shi sai ya cabke, ya lashe maka kati."

Na ce, "Wa ya faɗi wannan shirmen?"

Ta ce, "Kowa ma. Wata tsohuwa ta ce mijinta ya sa ɗan katin da zai kira ɗiyarshi da ke aure Kaduna, ya ce bari ya taɓa masu inji tukuna. Kahin ya ce mi, an ɗauka. Wai wani mutum ke magana ciki, ana gaishe shi ba ya amsawa, sai lissahi yake, ɗaya, biyu, ukku. Ni dai na ja mayahi na ruhe fuska, don na san a wane rumbu anka yi shi."

Na fara murmushin yaƙe zan kare kaina, sai na ga dariyar ta bar fuskarta. Ta ce, "Amma akwai wadda ba ta dariya ba. Sun ce masara ta yi kwanaki a ƙasa, gara ta fara shiga, ga hadari na haɗowa kullum da yamma. Mutanen gari sun matsa ma Baba a kira wani inji. Sun ce ɗiyan abokinshi sun zama manya."

Nan take na lalubo waya na kira Yaya, na zayyana masa komai tun daga kan turmi har rumbu. Da na gama ya ce, "Ka ce abin na rubuta lambobi? Karanto mani wutsiyoyin."

Na fara karantowa. Duk wadda na faɗa sai ya ce, wannan mai gonar bakin rafi ne, wannan liman ne, wannan gurgun nan ne mai shanun huɗa, wannan matar marigayi wane ce da ke noma da kanta. Lambobin da na yi kwana takwas ina kallo kamar tsakuwa, ashe kowace mutum ce da fuskarta da tulin masararta. Da na karanto wata sai ya ce in tsaya.

Ya ce, "Sau nawa ta hito?"

Na ƙirga na ce, "Sau biyar."

Ya ce, "Baba ne. Tunda nike, ban taɓa ganin ya taɓa layin ga sau biyu ba a kira shi ba." Ya ja numfashi ya ce, "Ka kwance abin da ka ɗaura. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Gobe da sassahe ina nan tahe da mashin."

Na koma cikin manhajar na nemo wurin da na yi dangwalen nan, na mayar da shi kada a ɗauka sam, a dai rubuta wanda ya kira a sanar da ni. Abin da bai ɗauke ni minti ɗaya ba. Daga nan na zauna na fara bin mutane, kuma a nan ne na ga amfanin abin, don ba lamba ɗaya da ta ɓace. Na sha magana ranar. Wani da na yi sallama ya ce, "Kai ne mai maganar nan? Tau amsa tawa sallamar ta ranar Talata tukuna, sannan mu yi sabuwa." Dole na ce wa alaikumus salam ta Talata. Wani ya ce shi fa ya daure ya danna ukun, kati ya ƙare kafin a ɗauka, yana son ya san ina ƙorafin nasa ya kwana. Matar marigayin nan kuwa ba ta yi faɗa ba, cewa ta yi ta zaci mun daina zuwa ƙananan gonaki ne, kuma tata maganar ta fi duk sauran yi mini zafi. Na ba kowa haƙuri har muryata ta dushe. Lambar Baba na kira sau uku, tana shiga, ba a ɗauka ba.

Washegari Yaya ya iso, ko ruwa bai tsaya sha ba ya ce in hau. Yadda hanyoyinmu suka zama a 'yan shekarun nan ba mai son yamma ta riske shi a kansu, don haka muka kama hanya da wuri. Tafiya ce mai nisa. Da hantsi muka shiga Damari. Tun kafin mu kai gari na jiyo wata ƙara daga yamma da na san ta kamar yadda na san tarin mahaifiyata: inji ne ke bugun masara, kuma ba namu ba. Na ji Yaya ya sassauta mashin, ya saurara, ya ci gaba.

Muka tarar da Baba a gonarsa, zaune a kan buzu a gindin ɗorawa. Ga tulin masara nan kusan tsayin mutum, wasu magidanta na jujjuya na ƙasa suna kakkaɓe gara. Muka cire takalma muka durƙusa. Ya amsa wa Yaya gaisuwa tiryan-tiryan, ya tambayi gida, ya tambayi tsohuwarmu, ya tambayi hanya, har da lafiyar a-kori-kura. Ni ko inda nake bai duba ba. Sai da ya gama ya juyo a hankali ya nuna ni da sandarsa.

Ya ce, "Wanga fa? Shi ne kamfanin?"

Yaya ya ce, "Shi ne, Baba."

Ya ce, "Sannu kamfani. In danna nawa in gaishe ka?"

Magidantan nan suka fashe da dariya, har wani ya saki masarar da ke hannunsa. Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina. Na ce, "Baba, na yi kuskure, a yafe mini. Gyara na so in yi."

Ya ce, "Garin gyaran gira ka kusa rasa ido. Zauna da kyau ka ji. Kai ka ɗauka rowa ta sa muke taɓawa mu katse ko? Lokacin da waya ta shigo ƙasar ga, nan gindin iccen ga munka zauna da ubanku. Ya ce manomi a bakin kaka hannunshi na cikin aiki, aljihunshi kuwa bai ga komi ba sai amfani ya shiga buhu. Ya ce ku taɓa kawai, ni ke da inji, ni zan neme ku. Taɓawar nan sallama ce a ƙofar gida. In ka yi sallama, mai gida ke hitowa. Kai kuma ka ɗauko wani abu ka aje bakin ƙofa, yana fizge ma mutane hula yana masu lissahi."

Ba wanda ya yi dariya a wannan karon. Na sunkuyar da kai ina wasa da wata totuwa a ƙasa. Yaya ya ce, "Baba, mun ga ka taɓa har sau biyar. Mun ji kunya."

Baba ya kalli tulin masararsa. Ya ce, "Na farko aiki nike nema. Na biyu na ce ko yatsana ne ya kauce." Ya juyo gare mu, sannan ya ce, "Sauran ukkun ba aiki nike nema ba. Yaron ga, muryarshi ta ubanshi ce sak. Na san ba shi ba ne, ban haukace ba. Amma na riƙa kira ina saurare har ta ƙare. In yi mata sallama, ta wuce ni. Abin da ya yi mani ciwo ke nan, ba kati ba. Muryar abokina, ina mata sallama ba ta amsawa."

Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Ni da na zo da shirin a yi mini faɗa in ba da haƙuri in tashi, sai ga ni ina kuka a gaban mutane kamar wanda aka yi wa rasuwa yau. Kewar mahaifina ta taso mini gaba ɗaya, ga kunya, ga tausayin tsohon nan. Na duba na ga Yaya ma ya kawar da kai yana gyaran hular da ba abin da ya same ta.

Baba ne ya katse abin. Ya buga sanda a ƙasa ya ce, "Kai, ya isa, kada ku jiƙa mani masara, hadari ma bai jiƙa ta ba. Ka ce ka gyara?" Na ce na gyara. Ya ce, "Tau mu gani." Ya laluba aljihu ya zaro 'yar wayarsa da aka ɗaure da roba, ya nisanta ta da ido, ya danna, ya kai kunne, ya katse. Kowa ya zuba mini ido. Sai ga wayata ta yi ƙara a aljihu, ta nuna mini lambarsa. Na ɗago na ce, "Baba, ga shi ya nuna." Ya harare ni ya ce, "Ni na ce ka ba ni labari? Mi ake yi in an taɓa?"

Na gane. Ina durƙushe a gabansa, tsakaninmu bai fi taku biyu ba, na kira shi. Ya bar ta ta yi ƙara har sau uku yana kallon sama kamar mai wani uzuri, sannan ya ɗauka ya ce, "Salamu alaikum, wa ke magana?" Na amsa sallama na faɗi ko ni ɗan wane ne. Ya ce, "A'a, ɗan abokina! Kwana biyu. Ina gajiya? Ina mutan gida? Ya tsohuwa? Ya ruwa wajenku?" Haka ya ja ni, gaisuwa ba wadda ya tsallake, ni ina amsawa a waya alhali ina jin numfashinsa da ɗaya kunnen. Magidantan nan har da masu zama a ƙasa don dariya. Sai da ya gaji don kansa ya ce, "Tau, dama masara ce ta kai. Yaushe za mu gan ku?" Na kalli Yaya, ya ɗaga yatsu biyu. Na ce, "Jibi da hantsi in Allah ya yarda, Baba." Ya ce Allah ya kai mu, ya katse, ya mayar da waya aljihu, sannan ya miƙo mini hannu.

A nan ya gaya mana gonakin yamma da gari sun riga sun tafi, masu su sun kasa jira, kuma bai ga laifinsu ba. Shi ne dai ya ce ba inji da zai shiga gonarsa sai ya ga 'ya'yan abokinsa da idonsa, ko da gara za ta ci rabonta, mutanen gabas kuma suka tsaya tare da shi. Mun yi asarar aiki mai yawa a shekarar, wasu daga cikin mutanen yamma ma sai bayan kaka biyu suka dawo mana. Amma jibin muka iso da inji, aka fara a gonar Baba kamar kullum, muka gama ɗinke buhunsa na ƙarshe ana yayyafi. Yaya ya ce hukuncina shi ne ɗaukar buhu, na kuwa ɗauka har kafaɗata ta sale. Tun daga ranar ba mai kirana da sunana a Damari, Kamfani ake ce mini, har matan aure daga bayan danga.

Da mako biyun suka cika na ce zan goge abin in huta. Abin mamaki Yaya ne ya hana. Ya ce a tsohuwar waya in caji ya ƙare ko yana tsakiyar ƙarar inji, taɓawa da yawa na wuce shi, wannan kuwa ba ya mantuwa, kuma yana nuna mana mu biyu lokaci guda. Har yau muna amfani da shi. Muryar rumbu dai na goge ta da hannuna, duk da maiɗakina ta roƙa a bar mata don ranar da ranta ya ɓaci.

Abin da na koya ba wai sabon abu ba shi da kyau ba ne, don na'urar ba ta yi komai ba sai abin da na sa ta. Na koyi cewa in ka tarar da mutane suna wani abu da ka ga kamar wauta ne, ka tambayi dalili kafin ka ɗauko gyara, domin sau da yawa akwai alkawari a ƙarƙashinsa wanda aka ƙulla ba ka nan. Mutumin da ya taɓa layinka ya katse ba rowa yake maka ba, ya yarda ne cewa za ka neme shi. In Allah ya ba ka masu yarda da kai haka, to ka tashi ka amsa musu da bakinka.